Sharhi kan OptiSystem: idan BER ya ƙi sauka a aikin sauya zangon haske

OptiSystem, manhajar kwaikwayon tsarin sadarwa ta haske ta kamfanin Optiwave da ke Ottawa a Kanada, ita muke amfani da ita ni da ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe a nan Katsina, tunda leza da na'urorin auna haske na gaske sun fi ƙarfin aljihunmu. A Windows take aiki, kuma ana ba da gwajin kwana 30 kyauta. Aikin da ya fi ba yaran wuya shi ne ɗauke bayanai daga wani zangon haske zuwa wani ta hanyar cuɗanyar igiyoyi huɗu, wato FWM. Kukansu ɗaya ne: "Malam, zanen idon a rufe yake ruf, BER ya ƙi sauka." Zanen ido hoto ne da ke nuna yadda 1 da 0 suka rabu a siginar da aka karɓa, BER kuma kason bit ɗin da suka iso da kuskure. BER ɗin da ake nema kuwa 10⁻⁹, wato Q, ma'aunin ingancin sigina, ya kai 6.

Inda manhajar ta burge ni shi ne kana iya rataya ma'aunin bakan haske bayan kowace na'ura, ka ga daidai inda abin ya lalace. Wata ɗaliba ta sa sigina a 193.0 THz, hasken famfo, wato haske mai ƙarfi da ake cuɗanyawa da siginar, a 193.1. Sabon hasken a 193.2 zai fito, ninkin famfo sau biyu a cire sigina. Da muka leƙa, ashe filtarta na zaune a kan 193.1, famfon da ba ya ɗauke da bayani ko ɗaya take ta aunawa. Ana matsar da ita sai ga ido ya buɗe.

Kuskuren da ya fi ɓoyewa shi ne faɗin tagar lissafi, wato iyakar faɗin bakan hasken da manhajar ke lissafawa. Gudun 10 Gb/s da samfuri 16 a kowane bit 160 GHz ke nan, alhali daga 193.0 zuwa 193.2 akwai 200 GHz. Tabarmar ta yi wa baƙin kaɗan. Ka mai da samfurin 64 ka samu 640 GHz, sai dai tsohuwar kwamfuta za ta yi ta huci, balle a zafin Afrilu, don haka a riƙa adana aiki kafin a ɗauke wuta.

Faiba ta gama-gari mai warwatsuwar kusan 17 ps/nm/km ba ta dace da FWM ba, a nemi SOA, wato amfilifayar haske ta semikondakta, ko HNLF, faiba ta musamman da igiyoyin haske ke saurin cuɗanya a cikinta, a kuma daidaita karkatar hasken famfo da na sigina. Mai amfani da XGM, wata hanyar sauya zango ta cikin SOA, ya tuna bayanan a kife suke fitowa, 1 ya koma 0.

Ina ba malamai shawarar su gwada ta. Amma BER ɗin da ake gani kiyasi ne daga Q, ba ƙirga kurakurai aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. Duk ɗalibin da ya kawo mini 10⁻⁴⁰ daga bit 128, sai na ce ya koma ya tsawaita jerin, ya kuma duba ko ya kunna hayaniyar amfilifaya da ta na'urar karɓa.