Manhajar Stellarium: Na Gwada Ta Don Sanin Iyakar Ganin Ido da Dare

Na ɗora manhajar Stellarium a wayata a ƙarshen damina, domin in san ko ina ne idon mutum yake tsayawa idan ya ɗaga kai da dare ba tare da na'urar hangen nesa ba. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara haɗa ta a 2001 don kwamfuta, kuma ta wayar hannu tana da nau'in kyauta da na kuɗi, amma a ganina na kyautar ya wadatar da mai kallo da ido.

Aikinta ba wuya: kana ɗaga waya zuwa sama, sai ta nuna sunan abin da ke gabanka da nisansa. Da na nufi Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda muka taso muna nunawa a tsakar gida, sai na ga haskensu ya yi fiye da shekara 400 yana tafe kafin ya iso gare mu. Zara kuwa, matar wata, ashe duniya ce irin tamu da ke zagaya rana.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne daren da ta kai ni ga Andromeda, wani gungun taurari da ke nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, wanda yake cikin abubuwa mafi nisa da ido ke iya gani. Na fita bayan gari, na mai da fuskar wayar ja don kada haskenta ya kashe mini ido, na jira kusan minti ashirin a cikin duhu. Da na dube shi kai tsaye sai ya ɓace, da na ɗan kau da ido gefe kuma sai ga shi kamar ɗigon toka a kan baƙin ƙyalle. Wallahi na daɗe a tsaye ban motsa ba.

Allurar nuna alƙibla ta wayata, wadda manhajar ke dogara da ita, takan rikice kusa da ƙarfe, don haka a nisanci mota da rufin kwano. Wanda yake son ya gwada ganin Andromeda, ya zaɓi daren da babu wata a Oktoba ko Nuwamba, ya fuskanci arewa maso gabas bayan sallar isha'i, tun kafin hazon hunturu ya rufe sama.