Sati takwas da mai horar da karnuka: yadda Boerboel ɗina ya koyi jin magana

Karena yana da wata bakwai na ɗauko masa mai horo. Na saye shi ne saboda gonar kajina da ke bayan garin Kaduna, bayan ɓarayi sun shiga mana sau biyu a damina ɗaya. Boerboel ne, irin da manoman Afirka ta Kudu suka raina don tsaron gidajen gona, kuma namijinsu in ya cika yakan haura kilo 60. Tun a lokacin ya fi ƙarfin yaron da ke kula da kajin. In ya ja igiya, yaron ne ke binsa.

Ranar farko na ce wa mutumin ina so a koya masa cizo. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, cizo a jininsa yake. Abin da za a koya masa shi ne sakin abu in an ce ya saki." Raina bai so ba, don na ɗauka kuɗin da na biya na faɗa ne. Yanzu kuwa wannan maganar ce ta sa nake yaba masa.

Yakan zo sau uku a sati, da sassafe ko bayan la'asar, saboda karen nan ba ya jure zafin rana. Kowane zama bai wuce minti 20 ba. Ya ƙi yarda a ɗauki karen a kai wurinsa, ya dage sai ni da yaron mun riƙe igiyar da hannunmu. Da farko da Turanci yake ba da umarni, na ce a mayar da shi Hausa tunda mu ne za mu zauna da shi. Zo, zauna, tsaya, bari. A sati na biyar, yaron ya ce "bari" kuma karen ya ajiye kazar da ya cafke, ko gashinta bai fige ba. Ni kaina na yi mamaki.

Ya kuma gyara mana abubuwan da ban san ina kuskure a kansu ba. Abinci sau biyu a rana maimakon a tula masa lokaci guda, kuma ba gudu bayan cin abinci, don manyan karnuka masu faɗin ƙirji cikinsu kan murɗe, abin da ke kisa cikin sa'o'i. Ya hana a riƙa sa shi tsalle tun ƙashinsa bai ƙosa ba. Kafin ya taɓa shi sai da ya nemi ganin katin allurar haukan kare da ta parvo (cutar amai da gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo) daga likitan dabbobi.

Inda ban ji daɗi ba biyu ne. Ya kawo abin wuya mai ƙayoyin ƙarfe, na ga yana gurje wa karen fata, na hana. Da na fata muka ƙarasa. Sannan sau uku bai zo ba, bai kuma kira ba, sai da na bi shi da waya kafin ya rama kwanakin.

Yanzu karen ya shekara ɗaya da rabi. Baƙo in ya shigo tare da ni, ya shinshina shi ya koma ya kwanta. Da dare kuwa, motsi kaɗan a jikin katanga za ka ji gurnaninsa tun daga ɗakin mai gadi. Kaska ce kawai har yau muke fama da ita duk damina.