Littattafan karatun rukuni a ajin Turanci na JSS: wanne ya kamata ka saya?

Malamai 'yan uwana masu koyar da Turanci a JSS, in kuna son fara irin zaman nan da ake raba yara rukuni-rukuni su karanta labari su tattauna, to kafin a zo kan waye zai yi tambaya waye zai farauto sababbin kalmomi sai littafi ya zo hannu tukuna, kuma a nan ne kuɗi ke salwanta.

Ni dai zaɓina a fili yake, siraran littattafan labari na asali, irin na Lantern Books ko University Press ta Ibadan, wanda bai kai shafi 100 ba kuma Turancinsa bai yi tsauri ba. Ajina yara 60 ne, rukuni goma kenan na mutum shida-shida, sai na sayi labari biyar kowanne kwafi 12, rukuni biyu na kan labari ɗaya, duk sati biyu a yi musanya, kafin zango ya ƙare kowa ya zagaye biyar ɗin. Darasin minti 40 ne fa, in littafi ya yi kauri a karatun kawai za a ƙare ba a ce uffan ba. Abin da ya fi min daɗi ranar musanya ce, waɗanda suka gama suna ta ja wa na gaba rai, wata yarinya har da toshe kunne wai Malam ka hana su faɗa mana ƙarshen.

Fotokwafi? Sati biyu ya zama takardar ƙosai. PDF a waya, ɗan JSS 1 wayar wa zai ɗauko? Gwanjo akwai araha, har tsofaffin Pacesetters na Macmillan ana tsinta, amma ka samo shida iri ɗaya mu gani. Wanda aka sa don BECE, jarrabawar kammala JSS 3, kuwa a bar shi ga jarrabawa.

Yanzu ga inda na ƙone. Wani ɗan kasuwa ya rantse min na kamfani ne, ya yi min ragi har ina ta godiya, ashe jabu ne. Ranar zama na ce kowa ya buɗe shafi na 40, yara uku a rukuni ɗaya suka ce babu, na karɓa na duba, daga 32 sai 49, shafi 16 cur sun yi ɓatan dabo, wani kwafin kuma babi ɗaya sau biyu aka liƙa. Gardama ta kaure, wannan na cewa an kama ɓarawon wancan na cewa ina aka ma yi satar.

Don Allah kar ka yarda da kwafin da aka miƙo maka ka duba, ka sa a buɗe katan ɗin ka zaro daga tsakiya da ƙasa, ka bi lambar shafi ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga takarda a rana, in rubutun baya na leƙowa ajiye. Zane ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi, ajiye. Buɗe shi sosai ka ji ko gam na ƙara. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kuma kar ta ruɗe ka, masu jabun har ita suke kwafewa, duk da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da kamen da hukumar kare haƙƙin mallaka (NCC) ke yi. Ka nemi wakilin kamfani na jiharku, ka karɓi rasit mai hatimi, a rubuta a jiki cewa wanda shafinsa bai cika ba za a canza.