Gyara a hankali ko tumɓukewa: tsohon tsarin ƙwaƙwalwa a zuciyar Linux

A Yawuri, mai kwalekwale yana sauya katakon da ya ruɓe ɗaya bayan ɗaya, jirgin yana ci gaba da ɗaukar fasinja. Wani kuma ya ja shi gaɓar kogi ya sassaƙa sabo. Wannan muhawara muka yi da wani ƙanena mai koyon shirya manhaja a Birnin Kebbi, a kan yadda Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke sabunta sashen da ke raba wa shirye-shirye ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Shi yana son tumɓukewa. Hujjarsa SLAB ce: tsohon mai rabon ƙwaƙwalwa ne, an kawo sabo mai suna SLUB a 2007, suka zauna tare shekaru, sai aka cire SLAB baki ɗaya a siga ta 6.8 ta Linux a 2024. Aikin kulawa ya ragu, kuma gaskiya ne.

Ni kuwa na fi karkata ga hanyar folio, wato sabon salon riƙe yankunan ƙwaƙwalwa a dunƙule, wadda Matthew Wilcox, ɗaya daga cikin masu shirya Linux, ya shigar a siga ta 5.16. Tsarin da ake bi kafin folio yana lissafi da shafi, wato yankin ƙwaƙwalwa mai bait 4096 a yawancin kwamfutoci, kuma mai rubuta manhaja yakan rikice ko shafi guda yake riƙe da shi ko wani yanki na babban shafi. Folio ta kawar da wannan ruɗani, amma sashe-sashe ake sauyawa, har yau ba a gama ba. Na ce masa: ƙane, SLAB ma ba a cire ta ba sai da magajinta ya shekara fiye da goma sha biyar yana aiki a wayoyi da manyan kwamfutoci.