Asibitin Yara a Garki da Ciwon Raɗaɗin Ƙafar 'Yata

Tun da muka baro sanyin Jos muka koma Abuja da zama, 'yata mai shekara tara take farkawa cikin dare tana kuka, tana cewa ƙafafunta suna ci da wuta. Tafin ƙafar yakan yi ja ya ɗauki zafi, kuma ba ta samun sauƙi sai ta tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara. An yi mata gwajin sikila sau biyu ba a ga komai ba, har wasu daga cikin dangi suka fara zancen iska.

A wani asibitin yara mai zaman kansa a Garki ne muka sami likitar da ta gaskata yarinyar. Da yake ɗakin duba marasa lafiya yana da na'urar sanyaya ɗaki, ƙafar ta yi lafiya lau a gabanta, amma maimakon ta sallame mu sai ta ce, "Malam, idan ciwon ya tashi a gida, ka ɗauko mini hoto." Bayan ta ga hotunan, aka kuma duba jini don tabbatar da cewa ƙwayoyin da ke daskarar da shi ba su yi yawa ba, ta shaida mana cewa sunan cutar eritromelaljiya. Wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, shi ya raɗa mata sunan a 1878, kuma a 2004 aka gano cewa nau'in da ake gado yana fitowa daga tangarɗa a ƙwayar halitta mai suna SCN9A, wadda ke sa jijiyoyin jin ciwo su riƙa aika saƙo fiye da kima.

Abin da na fi gode mata shi ne hana mu ƙanƙara, domin yawan jiƙa ƙafa a cikinta yana lalata fata har ya kai ga gyambo. Ta ba da shawarar fanka da ɗaga ƙafa a kan matashi, ta kuma rubuta wa makaranta takarda cewa a ɗauke wa yarinyar safa da takalmi sau ciki.

Sai dai mun yi zaman jira na kusan awa uku duk da cewa an ba mu lokaci, kantin maganinsu kuma ba shi da filastar lidoken mai kashe raɗaɗi da aka rubuta mana, sai a Wuse na samo ta. Duk da haka za mu koma a watan Fabrairu, kafin zafin Maris ya kankama.