Na leƙa cikin jirgin Jeanie Johnston a Dublin

Ranar Asabar, ana yayyafin nan na Dublin, babban birnin Ayilan, na yanki tikiti na shiga Jeanie Johnston, jirgin katako mai filafilai da ke ɗaure a bakin kogin Liffey. Kwaikwayo ne. Na asalin an ƙera shi a Quebec ta Kanada a 1847, ya yi sawu 16 yana kwasar mutanen Ayilan masu gudun yunwar da lalacewar dankali ta jawo zuwa Kanada da Amurka.

A sama igiyoyi ne kawai da iska mai sanyi. Da muka gangara ƙasa sai duhu-duhu da ƙamshin katako, ga gadaje hawa biyu kamar kantar shago, kowanne na mutum huɗu. Na tsaya ina aunawa da ido. Ni kaɗai ma da ƙyar zan juya, balle da baƙi uku, har kusan mako bakwai! Girki a sama ake yi, in teku ta tashi sai haƙuri.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ko fasinja ɗaya bai mutu a cikin na asalin ba, a zamanin da ake kiran irin waɗannan jirage akwatin gawa. Jagorarmu ta jingina wannan ga kyaftin James Attridge, wanda ba ya cika lodi, da likitan jirgin, Richard Blennerhassett.

Zagayen bai kai awa guda ba, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Mai ciwon gwiwa dai ya bi matakalar a hankali.