Sharhi kan structlog bayan wata takwas ina aiki da shi a manhajar Django

Aikina shi ne kula da wata manhajar intanet da aka gina da Django (tsarin gina manhajojin intanet da harshen Python), wadda ƙananan 'yan kasuwa ke karɓar odar kaya da kuɗin ciniki ta cikinta. Kafin mu koma structlog, wani kunshin Python na rubuta rajista cikin tsari, rajistar aikin manhajar, wadda masu sana'armu ke kira log, ba komai ba ce illa jimloli da kowane ɗayanmu ya rubuta yadda ya ga dama ta kunshin logging da ke zuwa tare da Python. Ban san girman matsalar ba sai ranar da aka kira ni aka ce an cire wa wata baiwar Allah kuɗi amma odarta ba ta shiga ba. Gunicorn, wanda ke gudanar da manhajar a sabarmu, yana tafiyar da ma'aikata huɗu, wato kwafi huɗu na manhajar, kowanne yana amsa tasa buƙatar mai ziyara a lokaci guda, saboda haka layukan mutane daban-daban suka cakuɗe a fayil ɗaya. Na ga layin da ke cewa biyan kuɗi ya gaza, amma babu abin da ke nuna ko na wane ne, har na shafe yini ina gwada daƙiƙa da daƙiƙa kafin in gano bakin zaren, ita kuma tana can tana jiran kuɗinta.

Hynek Schlawack ne ya fitar da structlog a shekarar 2013, kyauta ne, kuma lambarsa a buɗe take ga kowa. Tunanin da aka gina shi a kai mai sauƙi ne: maimakon a rubuta doguwar jimla, sai a ba abin da ya faru gajeren suna, sannan a haɗa masa bayanai, kowanne da sunansa da ƙimarsa, kamar lambar oda, adadin kuɗi da tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. Wannan bayani yana ratsa jerin matakai ɗaya bayan ɗaya, wani ya ƙara lokaci, wani ya ƙara matsayin saƙon, na ƙarshe kuma ya fitar da shi. A kwamfutata ina amfani da ConsoleRenderer, wanda ke nuna layuka masu launi da ido ke karantawa ba wahala, a sabar kuwa JSONRenderer ne ke mayar da kowane layi JSON, wani tsarin rubuta bayanai da sunayensu, yadda na'ura za ta iya tace shi.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma shi kaɗai ya isa dalilin sauyawa, shi ne ɗaure bayani ga buƙata tun daga shigowarta. Nginx, wanda ke fara karɓar buƙatu kafin su isa manhajar, yana iya ba kowace buƙata lamba ta musamman, mu kuma muna karɓar lambar a ƙofar manhaja mu ɗaure ta da bind_contextvars tare da lambar mai amfani da adireshin shafin da ya nema. Daga nan duk layin da aka rubuta kafin a mayar da amsa, ko da a can cikin wani aiki ne da bai san komai game da buƙatar ba, zai fito ɗauke da wannan lamba. Structlog ya dogara ne da contextvars da ya shigo Python a siga ta 3.7 a 2018, don haka yana aiki ko manhajar tana amfani da zare-zare (threads) ko tsarin async wajen gudanar da ayyuka da yawa tare. Yanzu idan ƙorafi ya zo, ina neman lambar odar da jq, wata ƙaramar manhajar tace JSON, in ɗauki lambar buƙatar, sai tarihinta gaba ɗaya ya fito a jere, daga shigowa har zuwa inda ta tsaya. Aikin da ya ci mini yini a da bai wuce 'yan mintuna ba yanzu.

Sai dai a nan ne kuma na yi kuskure mafi muni. Na manta ban kira clear_contextvars, mai goge bayanin da aka ɗaure a baya, a farkon kowace buƙata ba, alhali bayanin da masu kunshin suka rubuta ya faɗi haka ƙarara. Da yake ma'aikaci ɗaya yana amsa buƙatu bi da bi, sai lambar wani mai amfani ta liƙe a layukan wani baƙo da bai ma shiga da sunansa ba. Rajistar da ke faɗin abin da ba haka ba ta fi wadda ba ta ce komai ba haɗari, domin da na yarda da ita da na ɗora wa mutum abin da bai aikata ba. Laifin nawa ne, amma ina ganin duk wanda zai fara ya duba django-structlog, wanda ke ɗaukar wannan nauyi da kansa.

Inda na ga gazawar kunshin shi ne wajen haɗa shi da logging na asali. Django da Gunicorn da sauran kunsoshin da muke amfani da su ba su san structlog ba, suna ci gaba da rubuta jimlolinsu na da, kuma in ba a saita ProcessorFormatter, wanda ke haɗa su da structlog, daidai ba, rabin fayil zai zama JSON rabi kuma rubutu zalla. Bayanin yana nan a rubuce, amma hanyoyin da aka kawo suna da yawa, wanda bai ƙware da tsarin logging ba zai sha wahala kafin ya san wadda ta dace da shi. Haka kuma bayanin da aka ɗaure ba ya bin aikin da aka tura wa Celery, mai gudanar da ayyuka a bayan fage, tunda wani ma'aikaci ne daban ke gudanar da shi, dole a miƙa masa lambar buƙatar.

Akwai kuma batun amana. Sauƙin ƙara bayani yana jan mutum ya zuba komai, kuma na taɓa tarar da lambobin wayar abokan ciniki zube a rajistarmu. Waɗannan bayanan mutane ne da suka ba mu don mu kai musu kaya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora mana nauyin tsare su. Na rubuta ƙaramin mataki na kaina da ke rufe lambar waya da adireshin imel kafin a fitar da layi, kuma bai kai layi ashirin ba, wanda ya nuna mini kyawun tsarin matakan nan. Mai amfani da dict_tracebacks, matakin da ke tsara bayanin kuskure, shi ma ya lura, domin yana iya fitar da ƙimomin da ke cikin aikin da ya faɗi, har da waɗanda ba a so a gani.

Structlog ba ya zaɓa wa kowa sunaye. A watanninmu na farko ni ina rubuta order_id, abokin aikina yana rubuta order, sai bincike ya riƙa tsallake rabin layukan ba tare da mun sani ba. Mun zauna mun rubuta sunayen da muka amince da su a fayil guda cikin lambar manhajar, kuma yanzu ba ma karɓar sabon gyara daga kowa sai an duba cewa sunayen da ya sa suna cikin wannan fayil.